Gona Da Dawa: Tarihin Dakon Barewa A Bakin Gonakin Mubi

Akwai wata al'ada ta mafarautan Amurka da kan ba mutanenmu mamaki duk lokacin da suka ci karo da ita a bidiyon waya. Manomi zai shuka masara ko waken suya, ya zuba taki, amfani ya nuna, amma ranar girbi sai ya bar eka ɗaya ko biyu a tsaye a gefen daji, da gangan. Idan sanyi ya kankama, ƙanƙara ta rufe ciyawa, barewarsu mai farar wutsiya sai ta fito cin abin da aka bar mata, shi kuwa yana bisa wani ɗan dandamali da ya ɗaure a jikin bishiya yana dako da bindiga ko baka. Wasu ma ba ragowar girbi suke bari ba, fili guda suke sharewa su shuka shi domin dabbar kaɗai. A jihohi da dama na ƙasar doka ta hana a zuba hatsi a ƙasa don jawo barewa, amma ta yarda a yi dako a kan shukar da ke tsaye a inda ta tsiro.

A nan Mubi, mutumin da ya bar dawarsa a tsaye don naman daji ya ci, 'yan uwansa za su fara tambayar ko lafiyarsa ƙalau. Duk da haka dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu ba su taɓa noma wa barewa gona ba, amma sun san gona ita ce babban tarko, kuma sun daɗe suna cin nama daga bakinta. Yau gonar tana nan, ta ma ninka, naman ne ya daina zuwa. Tarihin yadda aka yi haka ya cancanci mu zauna mu bi shi.

Mu fara da ƙasar kanta. Mubi tana gindin duwatsun Mandara ne, kogin Yedzaram ya ratsa ta ya nufi arewa, ya bi ta gefen dajin Sambisa har Bama. Gabas duwatsu ne har cikin Kamaru, yamma da arewa kuma fili. Wannan zama tsakanin dutse da kwari shi ya tara mana dabbobi iri biyu. A kan dutse akwai gwaggon biri da rema da beguwa da damisa. A fili da bakin rafi akwai barewa, gada, mazo, batsiya, kwanta-rafi, mugun dawa, can ciki kuma gwanki da kanki da ɓauna. Barewar da Amurkawa ke harbi, mai ƙaho kamar rassan itace wanda ke faɗuwa duk shekara, babu irinta a wannan yanki na Afirka. Tamu ƙahonta ba ya rassa kuma ba ya faɗuwa. Amma cikinsu ɗaya ne wajen son ganyen wake.

Mutanen da suka riga kowa zama a nan, Gude da Fali da Nzanyi, da maƙwabtansu Higi da Margi da Kilba, manoma ne tun asali, kuma da yawansu a kan dutse suka yi gonakinsu, suna jera duwatsu hawa-hawa don su tare ƙasa. Wanda ya je Sukur a ƙasar Madagali, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, zai ga irin wannan aiki da idonsa. Fulani sun kafa mulki bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, Mubi ta shiga cikin ƙasar Fombina. A watan Yuni na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya biyo ta Uba da Mubi a hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, kuma a abin da ya rubuta ya nuna Adamawa ƙasar giwaye ce, hauren giwa na cikin manyan kayan da ake fitarwa daga cikinta.

Wannan haure yana cikin abin da ya jawo Hausawa. Fatake sun riƙa tasowa daga Kano da Katsina da sauran garuruwa, su sauka Yola, su zarce Ngaundare da Tibati da Banyo, kuma ba 'yan tireda kaɗai ke cikin ayarin ba. Akwai mahauta, majema, dukawa, maƙera, akwai kuma maharba. Maharbin giwa yana da makaminsa na musamman, sango, wato gajeren mashi mai dafi da ake cusawa a bakin bindiga a harba. Amma giwa aikin 'yan kaɗan ne. Yawancin maharba ƙaramin nama suke bi, kuma ƙaramin nama a bakin gona ake samunsa.

Dalili a fili yake. Daji yana da ciyawa, amma ciyawar daji da zarar ta yi tsawo ta fara bushewa sai ta zama kara, ba ta da wani amfani a cikin dabba. Gona kuwa tana da wake da gyaɗa da gujiya, masu ganye mai taushi da maiƙo, a tare wuri ɗaya. Gada da mazo ba masu kiwon ciyawa ba ne sosai, ganye da toho da 'ya'yan itace suka fi so, shi ya sa gonar wake da ke jikin kurmi ba ta kwana lafiya. Mugun dawa da beguwa tono suke yi, su bi rogo da dankali da gyaɗa. Zabin daji da fakara tun ranar shuka suke bin rami suna tone iri. Biri kuma da rana tsaka yake zuwa da rundunarsa, ya karya masara goma ya ci ɗaya. Saboda haka duk gonar da ke ƙarshen gari, wadda daga ita sai dawa, dole a yi gadinta. Da rana yara ne a kan rumfa da majajjawa da gwangwani suna ihu. Da almuru da asuba kuwa aikin manya ne, kuma a nan ne gadi ke rikiɗewa ya zama farauta.

Maharbi ba ya shiga gona da ka. Zai zagaya gefenta da safe ya karanta sawu, ya ga ta ina dabbar ke shigowa, domin gada tana da hanyarta kuma ba ta cika sauya ta ba. Zai duba kashi ya gane na jiya ne ko na shekaranjiya. Zai lura da inda iska ke kaɗawa, ya zauna ta inda warinsa ba zai kai ga dabbar ba. Daga nan sai haƙuri: a bayan suri, ko a kan reshen tsamiya, ko cikin ɗan ramin da ya rufe da ganye, har lokacin da nama zai sunkuyar da kai ya fara ci. A fili mai faɗi inda babu maɓoya, akwai dabarar burtu, inda maharbi ke ɗaura kan tsuntsun a goshinsa, ya lulluɓe da baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo har ya matso kusa. Kibiyarsa tana da dafin ƙwanƙwani. Daga baya adaka ta shigo, wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga, kuma sunan ya faɗi gaskiyar yawan harbin da take yi kafin a sake ɗura ta. A kwatanta wannan da mutumin Amurka da ke kan bishiyarsa: banda tsadar kayan aiki, sana'ar ɗaya ce.

Masana ma sun ba abin suna. A 1976 wata mai binciken tarihin ɗan Adam, Olga Linares, ta nazarci ƙasusuwan dabbobin da aka tono a wani tsohon mazauni a ƙasar Panama, ta ga yawancin naman da mutanen suka ci na dabbobin da ke shiga gona ne, ta kira abin farautar lambu. Ma'anarta ita ce gona tana ba da amfani biyu, hatsi da nama, kuma tana ƙara yawan wasu dabbobin fiye da yadda daji kaɗai zai iya riƙewa. Manomin Gella ko na Muchalla bai buƙaci a fassara masa wannan ba. Abin da gada ta ci masa na wake, a tukunya yake fanshe shi.

Tsakanin mai gona da maharbi akwai fahimta. Mai gona ya huta da ɓarna, maharbi ya sami nama, kuma ba ya wucewa bai yanka wa mai gona rabonsa ba. Babban nama kuwa akwai na sarki a ciki, fatar zaki da ta damisa ma a ƙasashe da yawa fada ake kai su. Maharba suna da shugabansu, Sarkin Baka, wanda ke raba rigima idan biyu sun yi jayayya a kan wanda kibiyarsa ta fara sauka. Ga maharbi Musulmi akwai ƙarin dalilin zama kusa. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, dabbar da ta mutu a cikin tarko kafin a yanka ta mushe ce, saboda haka mai ɗana tarko a gefen gona dole ya yi sammako, wanda ya yi lalaci ya bar wa kura. Littafin Risala ya kuma karhanta farautar da ake yi don wasa kawai.

Abin da ya fi kama da gonar barewa ta Amurka a wurinmu shi ne toho. Bayan kaka, idan ciyawa ta bushe, a kan sa wa wani yanki wuta da wuri, tun ƙasa na da sauran laima. Cikin 'yan kwanaki sabuwar ciyawa kore shar za ta fito daga cikin toka, kuma duk dabbar da ke yankin can za ta nufa. Makiyayi yana yi don shanunsa, maharbi yana yi don nama. Haka kuma gonakin masakwa, dawar rani da ake dasawa a baƙar ƙasa mai riƙe ruwa bayan damina ta ɗauke, wadda Fulani ke kira muskuwari: a lokacin da ko'ina ya bushe ita kaɗai ce kore, kuma ba mutum kaɗai ke ganinta ba.

Sai dai akwai wani abu da ya riƙe wannan tsari, wanda ba a rubuta shi a takarda ba, wato lokaci. Da damina kowa yana gona, ciyawa ta fi mutum tsawo, rafuka sun cika, shiga daji wahala ce. Watannin nan dabbobi suna hutawa, ƙanana suna tasawa. Farautar gayya, ta karnuka da ƙere da gora da kiɗa, sai da rani bayan an kai amfani gida. A ƙasar Hausa ta Nijar, wajen Maraɗi da Birnin Ƙonni, har biki ake yi na buɗar daji, kuma sunan kansa ya nuna cewa kafin ranar dajin a rufe yake. Ga kuma dajin da ba kowa ke shiga ba, ko don tsoron iskoki, ko don yana kan iyakar ƙasashen da ba sa ga maciji, kowa na tsoron a kama shi. Irin waɗannan wurare su ne rumbun da ke ciyar da bakin gona da nama. Ba tausayi ne ya tsare su ba, rashin iko ne da tsoro, amma sun tsaru.

Rushewar ta zo a hankali. Wajen 1891 annobar bushiya ta ratso daga gabashin Afirka ta share shanun Fulani, ta haɗa da ɓauna da wasu manyan namun daji. Sai Turawa. Ingilishi suka ci Yola a 1901, Jamusawa suka kama Mubi a 1903, aka raba Adamawa biyu. Bayan yaƙin duniya na farko wannan yanki ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana, ana mulkinsa tare da lardin Adamawa, dokokin Nijeriya suka hau kansa, ciki har da dokar kare namun daji ta 1916.

Tunanin da ke bayan dokokin daga Landan ya taso. A taron da ƙasashen Turai suka yi a can a 1900 sun kasa dabbobin Afirka gida-gida, wasu a kare su, wasu kuma, irin su zaki da damisa da kura da gwaggon biri da kada, aka sa su a jerin masu ɓarna da ya kamata a rage. Yarjejeniyar 1933 ta zo ta yi hani ga farauta da mota, da fitila mai kashe ido, da dafi, da kewaye dabba da wuta, ta kuma nemi a taƙaita raga da rami da tarko. Wasu daga cikin hane-hanen suna da ma'ana. Amma a dunƙule, kayan aikin talaka ne suka zama laifi, bindigar Bature mai lasisi ta zama halal. Daga ranar naman daji ya tashi daga hannun gari da Sarkin Baka ya zama na gwamnati, kuma mun san yadda ake yi da kayan gwamnati. Manomin da mazo ya cinye wa wake ba shi da mai biyansa, idan ya harbe shi kuma, a takarda, yana iya zama mai laifi. Wane dalili ya rage masa na ya bar ta macen ta haihu?

Aka keɓe gandaye. Waza a Kamaru tun 1934, ta zama gandun ƙasa a 1968. Yankari a 1956. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, wadda ta sa muka shigo Nijeriya ranar 1 ga Yuni a matsayin lardin Sardauna mai hedikwata a Mubi, gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar namun daji ta 1963. Sambisa ta zama gandun dabbobi, Gashaka Gumti ta zama gandun ƙasa a 1991, shekarar da aka raba Gongola aka sami Adamawa. Duk waɗannan suna nesa da gonar mutumin Vimtim ko Digil. Dajin da ke bayan gonarsa babu wanda ya keɓe shi.

Shi kuwa wannan daji gatari da garma suka cinye shi. Gyaɗa ta zama kuɗi, haraji na jira, mutanen dutse suka sauko fili da zaman lafiya ya samu, garmar shanu ta ba mutum ɗaya ikon nome abin da a da sai gayya. Saurar da ake bari ta huta shekaru aka daina barinta. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu mutum fiye da 280,000, kuma kowane gida na bukatar itace da gawayi. Gona ta haɗe da gona. A da gona tsibiri ce a tsakiyar dawa, yanzu ɗan kurmin da ya rage shi ne tsibirin. Ga bindigar zamani, ga tocilar goshi da ke daskarar da gada a tsaye, ga tarkon waya na birkin keke da mutum ɗaya zai ɗana hamsin a yini, ga babur da ke kai mutum inda a da sai ya kwana biyu a hanya. Ga kasuwar da ke sayen banda ko da damina. Barewa da gada ɗa guda suke haifa a ciki ɗaya, ba za su iya wannan tsere ba. Waɗanda suka iya su ne masu haihuwa da yawa, gafiya da gyazbi da kurege da zomo. Biri ma bai tafi ba. Binciken da aka yi a gandayen Ghana ya nuna inda zaki da damisa suka ƙare, gwaggon biri ƙaruwa yake yi. Wato mai nama ya tafi, mai ɓarna ya zauna.

Maharban kuwa suna nan, kuma duniya ta san da su ta hanyar da ba wanda ya so. Ranar 29 ga Oktoban 2014 Boko Haram suka shiga Mubi, muka watsu, wasu Yola, wasu ta kan duwatsu zuwa Kamaru, a daidai lokacin da amfani ya nuna. Gonaki da yawa a tsaye aka bar su a waccan kakar, ba don barewa ba. A tsakiyar Nuwamba aka ƙwato garin, kuma maharba da 'yan banga suna cikin waɗanda suka shigo tare da sojoji. Sanin sawu da sanin iska da iya kwanton ɓauna, ilimin da aka koya a bakin gonar wake, shi ya yi aiki a ranar. Aisha Bakari Gombi, wadda jaridun duniya suka yi ta ba da labarinta, ta faɗa cewa tun tana yarinya take bin kakanta farauta. Sai dai yaron da ya shiga ƙungiyar maharba yau, aikin tsaro ya shiga. Yana iya shekara bai ga sawun gwanki ba, kuma karatun sawu ba a allo ake yinsa ba.

To, me zai hana mu kwaikwayi Amurkawa, kowa ya bar kunya goma a gefen gona? Ya kamata a san cewa su ma sun taɓa kai tasu barewar bakin ƙarewa. Wajen 1900 abin da ya rage a ƙasar bai wuce 500,000 ba, yau ana ƙiyasta kusan miliyan 30. Ba gonar ce ta fara dawo da ita ba. Sun hana cinikin naman daji, sun sa watannin da ba a harbi, sun ƙayyade wa kowane mafarauci adadin da zai kashe. A 1937 suka yi dokar da ta juya harajin bindigogin farauta da harsasai, wanda yau yake kashi 11 cikin 100, zuwa aikin farfaɗo da namun daji. Tasu barewar kuma tagwaye take yawan haifa idan ta ƙoshi. Gonar da ake bari a tsaye daga baya ta zo, lokacin da akwai dabbar da za ta ci. Idan aka yi ta a inda gada biyar suka rage kuma babu ranar hutu, an tara su ne wuri ɗaya don a gama da su a dare guda.

Ga kuma tambayar da Ba'amurke ba ya fuskanta: wa zai riga barewa isa wurin? A ƙasarmu abin da ya rage a gona yana da masu shi. Tsohuwar yarjejeniya ce tsakanin manomi da makiyayi, a kwashe amfani, shanu su shiga su ci kara su bar taki, kuma yawancin rigimar da ake kaiwa gaban mai unguwa a kan 'yan kwanakin da ke tsakanin nunar amfani da kwashe shi ne. Garin da ke da kasuwar shanu irin ta Mubi, wadda ake kawo mata dabbobi daga Kamaru da Chadi a loda su zuwa kudu, ba ya barin ganye ya lalace. Harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce, masu kiwon turke suna saye, a kan bishiya da rufin ɗaki ake ajiye ta har bazara ta yi tsada. Karan dawa na danni ne da girki. Wanda ya bar wake a tsaye har Disamba, in shanu ba su shiga ba ɓarawo zai shiga.

A ganinmu abin da za a iya ɗauka daga can shi ne rufe daji na wasu watanni, wanda dama namu ne, da kuma mayar wa gari iko a kan ɗan kurmin da ya rage masa, a bakin Yedzaram da gindin duwatsu, ta hannun hakimai da sarakunan baka, tunda su mutane ke jin maganarsu. Ƙungiyoyin maharba yanzu suna da rajista da shugabanni da katin shaida saboda aikin tsaro, tsarin da ba su da shi shekaru talatin da suka wuce. Ƙungiyar da ke iya tara mutum ɗari ta tura su sintiri tana iya cewa daga saukar damina zuwa ƙarshen kaka ba a harbin gada, ba a ɗana waya, ta kuma ci tarar ɗanta da ya saɓa. Ga mai son nama a tsakani, ana kiwon gyazbi a keji a Benin da Ghana da kudancin Nijeriya, kuma ciyawa da karan masara yake ci.

Dabbobin ba su manta hanyar gona ba inda suka rage. Giwayen da ke fitowa daga wajen Waza suna shiga gonakin Kala Balge a Borno, dorinar madatsar Kiri tana hana manoman Shelleng da Guyuk barci. A nan kusa da mu, masu noma a jikin duwatsun kan iyaka har yanzu suna tura yara gadin biri da beguwa, kuma jefi-jefi mai sammako yakan tarar da ɗan siririn sawu mai tsaga biyu a tsakanin kunyoyin wake.